Sauna a cikin gida ko a filin baya: shawara kan gidan 1978 a Finland

Baban_Ilham:
Assalamu alaikum jama'a. Ina neman shawarar masu sana'a. Gida ne a wajen Tampere, ginin 1978, hawa ɗaya, da lantarki ake ɗumama shi. Akwai tsohuwar sauna, wato ɗakin zafi da tururi da ake shiga a yi gumi, a ciki manne da banɗaki, faɗi mita 2, tsawo 2.2, daga ƙasa zuwa silin 2.1. Katakon gindin bango ya yi baƙi, kuma warin danshi ba ya barin ɗakin ko an kwana biyu ba a kunna murhu ba. Zaɓi biyu ne a gabana: a farfashe a sabunta ta a inda take, ko a mayar da ɗakin sito a gina sabuwa a filin da ke bayan gidan. Fili akwai, kamar mita 15 daga ƙofar baya. Mu biyar ne da yara. Wanne za ku ba ni shawara?

Gwanin_Tayil:
Wa alaikumus salam Baban Ilham. Kafin a kai ga zaɓi, ka sani cewa gina ta waje ba zai raba ka da aikin ciki ba. Baƙin katako a gindin bango da wari mai zama alama ce cewa ruwa ya riga ya shiga jikin ginin. Ko sito ka mayar da ɗakin, dole a buɗe a busar, in ba haka ba fumfuna ta ci gaba da aikinta a bayan kayan da ka jibge. Gidajen shekarun 1970 da farkon 1980 a nan da yawansu suna da irin ginin da Finawa ke kira valesokkeli, inda katakon da bango ke zaune a kai yake daidai da ƙasar waje ko ma ƙasa da ita. A ɗakin wanka wannan katakon yana shan laima ta ciki da ta waje. Ka kira mai auna danshi ya huda ya auna tukuna. Sannan doka ce tun 2016: duk ginin da aka kammala kafin 1994 sai an yi binciken asbestos, kayan ginin da ƙurarsa ke cutar da huhu, kafin a fasa komai. A gidajen wancan lokaci sau da yawa a cikin simintin liƙa tayil ake samunsa.

Baban_Ilham:
To fa. Wato kuɗin fasa ciki yana nan ko ta wace hanya na bi?

Gwanin_Tayil:
Yana nan daram. Bambancin kawai shi ne abin da za a mayar bayan an busar: bangon sito mai sauƙi, ko cikakken ɗakin sauna da shingen ruwa, wato shafen da ke hana ruwa ratsa daɓe da bango, da magudana.

Kafinta_Oulu:
Ni ina goyon bayan ta waje, kuma dalilina silin ɗin nan na 2.1 ne. Ku yi lissafi. Bencin sama bai kamata ya yi nisa da silin fiye da santimita 110 zuwa 120 ba, domin zafi da tururi a sama suke taruwa. A ɗakin 2.1 bencin zai zauna a kusan mita ɗaya daga ƙasa. Bencin ɗora ƙafa yana ƙasa da shi da santimita 40 zuwa 45, wato wajen 55 ko 60. Saman duwatsun da ake jerawa a kan murhu a zuba musu ruwa su ba da tururi kuwa, a yawancin murhu ya haura haka. Sakamakon shi ne kai yana ƙuna, ƙafa tana sanyi. Tsohuwar ƙa'idar da ake jingina wa marubucin Finland Sakari Pälsi ita ce tafin ƙafar mai zama ya kasance sama da duwatsu. A ginin waje kai ke da ikon tsayi, ka yi 2.4 ko 2.5, ka ɗaga bencina duka, ka sa matakala. A cikin gida kuwa silin ya riga ya yanke maka hukunci.

Injiniya_Lantarki:
Maganar Kafinta gaskiya ce, amma ba ta kai a gina sabon ɗaki saboda ita kaɗai ba. Mafi yawan saunonin cikin gidaje a ƙasar nan tsakanin 2.1 da 2.3 suke, kuma mutane suna jin daɗinsu. Abin da ke gyara sanyin ƙafa shi ne tsarin iska. In gidan yana da fanka mai zuƙe iska, a sa ramin shigar iska a saman murhu, kamar rabin mita sama da duwatsu, ramin fita kuma a ƙasa, ƙarƙashin benci, a bangon da ya fi nisa da murhu. Iska mai sanyi ta gauraya da zafin da ke tashi, fankar kuma ta jawo zafin ƙasa. Ma'aunin da kamfanin ƙera murhun sauna Harvia ke bayarwa shi ne iskar ɗakin ta sauya sau shida a awa, bututun shiga milimita 50 zuwa 100, na fita ya ninka shi. In ta banɗaki iskar ke fita, a bar tazarar santimita 10 a ƙarƙashin ƙofar sauna.

Kuskuren da ake yawan yi: a sa ramin shigar iska kusa da na'urar auna zafi. Iska tana sanyaya ta, ita kuma ta ɗauka ɗakin bai yi zafi ba, murhu ya yi ta ci har katakon sama ya fara ƙonewa. A nisanta su da mita ɗaya, ko rabin mita in bakin ramin ya juya wa na'urar baya.

Uwar_Hanan:
Ku maza kuna ta lissafin santimita, ba wanda ya tambayi wa zai taka mita 15 cikin dusar ƙanƙara da yara uku a watan Janairu, ƙarfe huɗu na yamma gari ya yi duhu. Sauna ta waje in ba ta da wurin wanka da ɗakin sauya kaya, to amfaninta na bazara ne kawai. Ga kuma maganar sutura. Maƙwabta a nan ba su ɗauki fita da tawul a bakin komai ba, mu kuwa ba za mu iya ba. In dai za a gina a waje, a haɗa da ɗakin sauya kaya mai ɗumi, a yi shingen katako ta gefen maƙwabta, taga kuma a ɗaga ta sama ko a sa gilashi mai dishi-dishi.

Kafinta_Oulu:
Hajiya ba ki faɗi ƙarya ba. Ɗakin sauya kaya ba ado ba ne, shi ke tare iskar waje kada ta faɗa ɗakin zafi kai tsaye duk lokacin da aka buɗe ƙofa. Ko mita 2 sau 1.5 ya isa.

MaiFamfo_Vantaa:
Tunda an kawo maganar wanka, ga inda kuɗin ta waje yake ɓuya. Hanyoyi biyu ne. Na farko, ruwan ɗauka: murhun itace mai tankin ruwa a jikinsa ko a jikin bututun hayaƙi, lita 20 zuwa 30, a sirka da ruwan sanyi a bokiti a yi wanka a cikin ɗakin zafin. Wannan ba ya buƙatar famfo, kuma ɗan ruwan da ake zubarwa galibi ana barin a tsotse shi a ƙasa ta ramin tsakuwa, gwargwadon ƙa'idar ƙaramar hukumarku. Amma a zubar da ruwan tankin bayan kowane amfani a lokacin sanyi, in ya daskare zai tsaga tankin.

Na biyu, a ja famfo daga gida. Nan aikin ya canza fuska. Ƙasa tana daskarewa sama da mita ɗaya a kudancin Finland, a arewa ta haura biyu. Ko dai a binne bututu ƙasa da nan, ko a sa wanda aka naɗe da abin tare sanyi mai wayar ɗumamawa a ciki. Ɗakin wankan dole ya zauna da ɗumi duk hunturu, ko da digiri 5 zuwa 10 ne, wato mitar lantarki ba ta hutawa. Ruwan da aka yi wanka da shi kuma sai an haɗa shi da lambatun gari in unguwar tana kan layi. Haƙa ramin nan na mita 15 shi kaɗai wani kasafi ne. A cikin gida duk waɗannan suna nan a bayan bango suna jiranka.

Alhaji_Na_Espoo:
Akwai abin da ba a faɗa ba, haraji. Rangwamen harajin aikin gida, kotitalousvähennys, yana shafar kuɗin ƙwadagon gyara da sabunta abin da yake akwai. Sabon gini ba ya ciki. Don haka sabunta ta ciki za ka karɓi wani kaso na kuɗin aikin hannu, ta waje ko sisi. Sabon gini a fili kuma sai an sanar da hukumar haraji, zai hau kan harajin gidan na shekara.

Baban_Ilham:
Allah ya saka da alheri Alhaji. Izinin gini fa? Na ji an ce an soke shi ga ƙananan gine-gine.

Alhaji_Na_Espoo:
Sabuwar dokar gini ta fara aiki ranar 1 ga Janairu 2025. Ginin da ba na kwana ba ne, wanda bai kai murabba'in mita 30 ba, ba ya buƙatar izini, sauna tana ciki. Amma mutane suna fahimtar abin a karkace. An cire takardar ce kawai, ƙa'idojin suna nan. Ginin yana cin kason ginin da aka yarje wa filinka, tsarin unguwa da ƙa'idar ginin ƙaramar hukuma suna aiki a kansa, kuma alhakin duk ya dawo wuyanka. Tazarar gobara tsakanin gine-gine mita 8 ce, in ta gaza sai an yi bango mai jure wuta. Mita 15 ɗinka daga gidanka ta wadatar, amma ka auna daga garejin maƙwabci ma. Daga kan iyaka yawanci mita 4 ake bari in ba maƙwabci ya amince a rubuce ba. Ka buga wa ofishin sa ido kan gini waya kafin ka sayi ko ƙusa.

Sadiq_Hamburg:
Masu karantawa daga Jamus kada ku ɗauki wannan ku yi aiki da shi. A nan kowace jiha da girman da take yafewa, kuma murhun itace ba a kunna shi sai mai duba bututun hayaƙi na gundumar ya zo ya amince. Gara ka tambaye shi kafin saye, domin akwai murhun da ake sayarwa a intanet wanda bai cika ƙa'idar hayaƙin ƙasar ba.

Ɗan_Kasuwa77:
Me ya sa ake wahalar da bawan Allah? Ka sayi irin mai siffar ganga, mota ta kawo ta sauke, washegari ka shiga.

Kafinta_Oulu:
Araha ba ta ado, Ɗan Kasuwa. Gangar nan jikinta katako ne falle ɗaya, kaurin milimita 40 zuwa 45, babu abin tare zafi ko kaɗan. Saboda zagayen, ba inda za a ɗaga benci, duk mai zama yana daidai da murhu, ƙafarsa a wuri mafi sanyi. Duk abin da na faɗa kan silin 2.1, a ganga ya fi muni. Katakon yana kumbura yana motsewa da sauyin yanayi, sai ana ɗaure ɗamarar ƙarfen ana sassautawa, in kuma ba a lulluɓe samanta da rufin kwalta ba ruwa zai bi tsakanin katakai. Tana yin zafi da wuri domin cikinta ƙarami ne, wannan na yarda. Ga mutum biyu a bazara ba laifi. Ga iyali biyar a Tampere a watan Fabrairu, a'a.

Ɗan_Kasuwa77:
Amma dubban mutane suna amfani da ita ba su mutu ba.

Kafinta_Oulu:
Ba wanda ya ce tana kisa. An ce ƙafa tana sanyi.

Injiniya_Lantarki:
Bari mu koma lissafin murhu, domin shi ma yana da ta cewa a zaɓin. Ƙa'idar ita ce kusan kilowat ɗaya ga kowace mita kubik ta cikin ɗaki, wato faɗi sau tsawo sau tsayi. Ɗakin Baban Ilham 2 sau 2.2 sau 2.1, ya ba da 9.2. Duk murabba'in mita na gilashi, tayil ko dutsen da ba a rufe ba, a ƙara 1.2. Ƙofar gilashi kaɗai za ta ƙara wajen 1.5. Mun doshi 11 ke nan, wato murhu mai kilowat 8 ko 9. In ginin waje na gungume ne ba tare da abin tare zafi ba, sai a ninka girman ɗakin da 1.5.

Kilowat 9 a wuta mai layi uku, bolt 400, yana jan amfiya 13 a kowane layi. Fis 16 sau uku, waya mai jijiya biyar ta 2.5. Matsalar gidan da ake ɗumamawa da lantarki ita ce babban fis, wanda a gidaje da yawa 25 sau uku ne. Murhu ya ɗauki 13, hitocin ɗakuna da tankin ruwan zafi suna ci, uwargida ta kunna obin, in akwai cajin mota kuma shi ke nan, fis ya tashi. Maganinsa a haɗa murhun da tsarin karɓa-karɓa: yana kunnuwa, wani ɓangare na hitocin gida ya mutu na ɗan lokaci. Yawancin murhun suna da bakin waya na musamman don haka, kuma mai yiwuwa gidan yana da tsarin tun asali, a duba allon fis.

Wayar da ke shiga murhu ta roba ce mai jure zafi, H07RN-F ko makamanciyarta. Mai rigar PVC haramun ce a nan, zafi yana busar da ita ta farfashe. Akwatin haɗin kada ya wuce rabin mita daga ƙasa. Wannan aikin na mai lasisi ne, ba na ɗan'uwa mai ƙoƙari ba, inshora za ta tambayi takarda ranar da abu ya faru. In za a kai wutar waje, wayar ƙasa ce, zurfin santimita 70, da kirtanin gargaɗi a samanta.

Uwar_Hanan:
Injiniya, wutar da take sha fa a kowane shiga?

Injiniya_Lantarki:
Hajiya, murhun ba ya ci da cikakken ƙarfi duk lokacin. Yana ja sosai minti 40 zuwa awa ɗaya har ɗakin ya kai digiri 70 zuwa 80, daga nan sai kunnawa da kashewa. Ga murhu mai kilowat 9, awa biyu gaba ɗaya ki ƙiyasta yunit 10 zuwa 13. A cikin gida wani ɓangare na zafin yana komawa ɗakuna, a hunturu bai tafi a banza ba. A waje kuwa daga ƙasa da sifili za a fara ɗumama katako da duwatsu, kuma duk abin da ya rage iska ce ke kwashewa.

Mai_Itace:
Shi ya sa in waje ne, itace ne. Sa murhun lantarki a ginin waje asarar dalilin ginin ne. Murhun itace yana zuƙar iska da kansa don ci, wannan ke sa iskar ɗakin ta riƙa sabuntuwa ba tare da fanka ba, kuma bayan an gama garwashin ke busar da ɗakin. Amma yana da sharuɗɗa. Bututun hayaƙi ya zama mai ajin T600, wato mai jure hayaƙin digiri 600, domin hayaƙin murhun sauna ya fi na murhun falo zafi nesa ba kusa ba. Inda ya ratsa silin da rufi nan ne gobara ta fi tashi, a bi tazarar da kamfanin ya rubuta, a cika gurbin da audugar dutse, wato abin tare zafi mai jure wuta, kada a bar katako ko tarkace kusa. Bakinsa ya haura ƙololuwar rufi da aƙalla santimita 80. In daɓen katako ne, a shimfiɗa farantin ƙarfe a gaban ƙofar murhu, santimita 40 gaba, 10 kowane gefe. Sabon murhu a fara hura shi a fili kafin a shigar, fentin jikinsa ya ƙone ya gama wari.

Itace ya bushe, danshinsa ƙasa da kashi 20 cikin ɗari. Ɗanye yana tara baƙin maiƙo a bututu, yana kuma turnuƙe maƙwabta, a unguwa mai cunkoso wannan kaɗai ya isa ya kawo takardar ƙorafi. Kada a rufe mashigar iska alhali garwashi na ja, iskar da ke kisa ba ta da wari. Mai share bututu kuma sau ɗaya a shekara ga gidan da ake zaune a ciki. A ranar sanyi sosai ka ware awa ɗaya zuwa ɗaya da rabi na hura wuta. Wanda ya dawo aiki ƙarfe shida ya san ko zai iya.

Gwanin_Tayil:
Tunda Mai Itace ya yi wa waje kamfe, bari in faɗi yadda ake yin ta ciki don kada ta sake ruɓewa. Daga bango zuwa ciki: audugar dutse milimita 50 zuwa 100, sai takardar alminiyam, fuska mai ƙyalli tana kallon ɗaki, gaɓoɓin sun hau juna an liƙe da tef na alminiyam, har ramukan waya da bututu. Sai sandunan katako a bar gurbin iska na milimita 20 zuwa 25, sannan allunan katako masu kaurin 12 zuwa 16. Gurbin nan a bar shi buɗe sama da ƙasa. Kada a kawo leda ko farin soso na kwali, ba sa jure zafin.

Wurare biyu ne aiki ke lalacewa. Na ɗaya gindin bango: shingen ruwan daɓe ya hau bango santimita 15 ko fiye, tayil ya rufe shi, alminiyam ɗin kuma ya sauko ya hau kansa ta yadda duk ruwan da ya gangaro a bayan katako zai faɗo kan tayil. In aka juya, ruwan zai shiga bayan tayil, kuma ina kyautata zaton abin da ya faru a gidan nan ke nan. Na biyu bangon da ke kallon waje: in tsohuwar ledar tare tururi tana ciki aka ɗora alminiyam a gaba, an kulle danshi tsakanin shinge biyu ba hanyar fita. A cire ledar a wannan ɓangaren. Haka gurbin da ke tsakanin silin sauna da silin gida, a ba shi hanyar shaƙar iska daga busasshen ɗaki. Gangaren daɓe santimita ɗaya a kowace mita, kusa da magudana biyu.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Sannunku da aiki. Tambaya a gefe: katakon benci da Turawa ke kira abachi, an ce daga wajenmu yake zuwa, haka ne?

Kafinta_Oulu:
Haka ne. Shi ne wawa a Ghana, obeche a Najeriya, ayous a Kamaru. Ana son sa a benci domin ba shi da nauyi, ba ya riƙe zafi ya ƙona fata, ba ƙulli, ba ƙaro. Aibinsa yana shan gumi da datti, kuma in bai samu bushewa ba yana yin tabo da wari. A nan yanzu an fi komawa katakon bishiyoyin da Finawa ke kira haapa da leppä, ɗanye ko wanda aka gasa. Abin gudu a benci da silin shi ne katako mai ƙulli da ƙaro, zafi na narkar da ƙaron ya ɗigo a kafaɗa. Sukurori a ɗaura su ta ƙasa, kan ƙarfe ɗaya a saman benci ya isa ya yi wa yaro tambari. Ba a shafa fenti ko banish, man farafin kawai. Kowane mutum a ba shi santimita 60 na benci, zurfinsa ma 60.

Engr_Rayfield:
Ina bin zancen daga Jos. Ga wanda zai yi a nan gida Najeriya, lissafin ya juye. Ba daskarewar ƙasa, ba famfon da zai fashe, tafiya zuwa filin baya ba wahala ba ce, katanga kuma ta riga ta yi sutura. Zafin da Injiniya ya ce yana amfanar ɗakuna, a nan na'urar sanyaya ɗaki ce za ta yi ta fama da shi. Don haka waje ya fi. Matsalarmu wuta ce. Kilowat 9 a layi ɗaya na bolt 230 amfiya 39 ne, wayar yawancin gidaje ba za ta ɗauka ba, sai layi uku. Janareta kuma sai mai kVA 12.5 zuwa sama, shi ma in ba a ɗora masa wani abu ba. Batirin sola kada ma a fara. Murhun itace ya fi dacewa, da bututu na gaske. Kaskon gawayi a rufaffen ɗaki kuwa kabari ne, kada wani ya gwada.

Obeche yana da araha a kasuwar katako, amma gara da ƙwaro suna son sa. A yi shi benci kawai, jikin ginin bulo, a ɗaga daɓe daga ƙasa. Kada kuma a sa katakon da aka jiƙa da maganin gara ko baƙin mai a cikin ɗakin zafi, numfashi za a yi da shi. Bangon bulo dole a rufe shi da abin tare zafi da alminiyam kamar yadda Gwani ya zayyana, in ba haka ba bulon zai shanye zafin duka.

Ɗan_Zango_Kumasi:
Duwatsun fa, Injiniya Rayfield? Kowane dutse zai yi?

Engr_Rayfield:
A'a. Dutsen rafi da duk mai rami-rami ko mai falle-falle yana iya riƙe ruwa ya fashe da ƙarfi. Tsakuwar gini tana marmashewa ta toshe hanyar iska. Ana neman baƙin dutse mai nauyi mai ƙarfi, girman santimita 5 zuwa 10. Akwai irin duwatsun aman wuta a tsaunukan Jos da Biu, a zaɓi wanda ba shi da ƙofofi, a wanke, a gasa a fili a zuba masa ruwa daga nesa a gani kafin a shigar.

Injiniya_Lantarki:
Ƙari kan duwatsu, ga kowa: a jera su sakwa-sakwa, kada a cusa, iska ta riƙa ratsawa. Cusawa ke ƙona ƙarafan murhun lantarki. A sauke su sau ɗaya a shekara a zubar da waɗanda suka farfashe. Ruwan zubawa ludayi ɗaya a lokaci guda, kada ya wuce kashi ɗaya cikin biyar na lita, kuma ruwa mai tsabta, ban da na teku da mai sinadarin kulorin da yawa. Ƙofa ta buɗe waje, ba sakata, mariƙin ciki na katako. Kuma kada a shanya kaya a sauna. Wannan ya fi shafar ta cikin gida, domin tana kusa da injin wanki, sai ta zama wurin shanya, yaro ya murɗa makunni, tufa a kan murhu. Gobarar sauna da yawa daga nan take tashi.

Uwar_Hanan:
Wannan batu na shanya gaskiya ne. A sa wa murhu shingen katako ma saboda yara, su zauna a bencin ƙasa, minti kaɗan su fita. Da azumi kuma a bar ta sai bayan an sha ruwa an huta, gumin da ake zubarwa ba kaɗan ba ne. Mai hawan jini da ba a daidaita ba ko ciwon zuciya ya tambayi likitansa.

Sadiq_Hamburg:
Ba wanda ya ambaci ƙaramin akwatin nan mai haskaka zafi a jiki, wanda ake sa wa a soket na gida. Kilowat 2 ne ko ƙasa, ba ruwa, ba magudana.

Mai_Itace:
Digiri 45 zuwa 60, ba duwatsu, ba tururi. Yana da masu son sa, amma ka sayar da gida a Tampere ka ce wa mai saye wannan ce saunar, ka ga kallon da zai yi maka.

Alhaji_Na_Espoo:
Dariya a gefe, maganar sayarwa tana da nauyi. Ƙasar da ke da sauna wajen miliyan uku ga mutum miliyan biyar da rabi, gida mai zaman kansa da ba sauna a ciki yana rasa wasu masu saye. Wanda aka sabunta ɗakin wankansa da takardun aiki da hotunan shingen ruwa kuwa yana ƙara daraja. Ni a ganina a gyara ta ciki yanzu tunda dole a buɗe, ta waje ta jira shekarar da aljihu ya huta.

Kafinta_Oulu:
Alhaji, in awon danshi ya nuna katakon gindin bango ya ruɓe zagaye, gyaran zai ɗauki watanni, kuɗin kuma ba na sauna ba ne kuma, na ceto gida ne. A wannan hali ƙaramar ta waje mai ruwan ɗauka, a kan ginshiƙan ƙarfe masu murɗawa cikin ƙasa, ita za ta ba iyalin wurin wanka yayin da ake aikin. Ginshiƙan suna wuce inda ƙasa ke daskarewa, ba sai an zuba kankare ba. In bulo aka jera a kan ƙasa mai laka ba tsakuwa ba abin tare sanyi, hunturu ɗaya ginin zai karkace, ƙofa ta ƙi rufuwa.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nemi mai auna danshi da mai binciken asbestos, sai sakamako ya fito. Injiniya, na duba allon, babban fis 25 sau uku ne. Gwani, in aka fasa daɓen, za a iya sauke shi ƙasa kaɗan don a samu tsayin da Kafinta ke magana?

Gwanin_Tayil:
Da wuya. Tsayin bututun magudana a ƙarƙashin kankare shi ke yanke wannan, kuma daɓen sauna ba zai yi ƙasa da na banɗaki ba sai ruwa ya kwanta. Ka sa a leƙa sama maimakon haka. A gida hawa ɗaya sau da yawa silin saunar an sauke shi ne ƙasa da na sauran ɗakuna, za ka iya samun santimita 10 zuwa 20 a can, muddin an bar gurbin iskar da na faɗa. Ka turo hoton in an cire allunan.